Kek da Cincin na Sallah: Yadda Tsadar Kaya Ke Mayar da Kyautar Zumunci Sana'a

Duk wanda ya ratsa lungunan Tudun Wada ko Unguwar Sanusi a Kaduna cikin kwanaki goman ƙarshe na watan azumi, ba ya bukatar a faɗa masa cewa Sallah ta ƙarato. Ƙamshin bota da sukari da ke tasowa daga cikin gidaje bayan sallar asham ya isa shela. A tsakar gida an shimfiɗa tabarma, uwar gida na murza kwaɓaɓɓiyar fulawa da kwalba, 'yan mata na yanka cincin da wuƙa ko almakashi, kishiya ko maƙwabciya na gaban kasko tana suya, yara kuwa na kewaye suna jiran wanda ya ƙone. Irin wannan hidima ce ake yi a Sabon Tasha da Narayi da Barnawa idan watan Disamba ya raba tsakiya, haka nan a Jos da Suleja da unguwannin Hausawa na Agege a Legas da Sabo a Ibadan.

Abin da ake soyawa da gasawa a waɗannan darare, asalinsa ba don kasuwa ba ne. Don rabo ake yi. Ranar Sallah a zuba a faranti ko 'yar roba, a rufe, a ɗora wa yaro ya kai gidan surukai, gidan aminiya, gidan malamin makarantar allo, ya dawo da tukwici a aljihu, kuma sau da yawa farantin ba ya dawowa wayam. To amma wannan faranti, duk da ƙanƙantarsa, a cikinsa akwai alkamar Amurka ko Kanada ko Rasha, da sukarin Brazil, da madarar garin da aka shigo da ita daga ƙetare, wato kayan da aka biya kuɗinsu da dala tun kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Saboda haka duk lokacin da naira ta yi tuntuɓe, matar da ke tsakar gida tana jin zafin faɗuwar, ko da ba ta taɓa riƙe dala a hannunta ba.

Ba yau Bahaushe ya fara sarrafa alkama don kyauta ba. Sunayen kansu sun nuna tsufan abin, domin alkama da alkaki da gurasa duk kalmomi ne da suka shigo Hausa daga Larabci, ta hanyar fataken da ke ƙetare Sahara. Alkaki, wanda ake yi da ɓarzajjiyar alkama a tsoma shi cikin zuma ko narkakken sukari, da nakiya ta garin shinkafa, da dubulan, su ne ƙashin bayan gara, kayan da iyayen amarya ke kai wa gidan miji bayan biki, a kuma rarraba wa dangin ango. Kek da cincin da biskit baƙi ne na baya-bayan nan. Sun shigo ta hannun kuku-kukun Turawa, da makarantun 'yan mata na kwana inda ake koyar da girki da kula da gida, da kuma cuɗanya da mutanen Kudu a garuruwan da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa. Abin da ya ba su gindin zama shi ne samuwar fulawa a kasuwa. Kamfanin Flour Mills of Nigeria, wanda aka kafa a 1960, ya fara niƙa a Apapa a 1962, daga baya kuma aka buɗe masana'antar niƙa fulawa ta Arewa a Kano. Da kuɗin man fetur suka kwararo a shekarun 1970, burodi ya zama abincin talaka a birane, fulawa ta shiga kowane kanti, kek da cincin suka bi sahun alkaki a cikin gara da kayan Sallah har wasu 'yan yanzu suna tsammanin tun kaka da kakanni ake yinsu.

Tun a wancan lokaci wasu masana suka hango matsalar. A 1985 wasu masu bincike biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka wallafa littafi a kan yadda Nijeriya ta saba wa bakinta da abincin da ƙasarta ba ta nomawa da yawa, suka kira lamarin tarkon alkama. Idan ba a manta ba, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yi ƙoƙarin ɓalle wannan tarko da ƙarfin doka, inda ta haramta shigo da alkama daga watan Janairu na 1987, ta kuma tura jihohi su noma. An yi noman a Kadawa da Haɗeja da Bakolori da yankin Tafkin Chadi, amma abin da aka girbe bai kusanci bukatar masana'antu ba, fulawar sumoga ta riƙa shigowa ta kan iyakoki, daga ƙarshe aka ɗage haramcin a 1992. Matan da suka yi hidimar Sallah a waɗancan shekaru sun san abin da ake kira neman fulawa.

Shekaru fiye da 30 bayan haka, lissafin bai canja ƙwarai ba. Nijeriya na shigo da alkama kimanin tan miliyan 5 a shekara, wani lokaci fiye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a kan noman alkama na 2021 ya gano cewa abin da aka noma a cikin gida bai kai tan 37,000 ba, Kano da Jigawa ne kuma a kan gaba. Dalilin ba lalacin manoma ba ne. Alkama amfanin sanyi ce, sai an shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba don ta ci moriyar hunturu, kuma da ruwan ban-ruwa, a girbe ta kafin zafin bazara ya ƙona ta. Manomin da taki ko iri ya zo masa a makare, ya riga ya yi asarar wani ɓangare na amfanin tun kafin ya shuka. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da wani sabon shirin noman alkama na rani a jihar Jigawa a watan Nuwamba na 2023 da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Afirka, kuma an faɗaɗa gonakin, sai dai giɓin da ke tsakanin abin da ake nomawa da abin da ake ci ba na cikewa a shekara biyu ko uku ba ne. Alkamar gida dai har yanzu mafi yawan amfaninta a alkaki da funkaso da taliyar Hausa yake, fulawar buhu kuwa daga teku take fitowa.

Haka labarin sukari yake. An kafa Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa a 1993, an amince da babban tsarin sukari na ƙasa a 2012, akwai gonakin rake a Numan ta jihar Adamawa da Sunti ta jihar Neja da Lafiagi ta jihar Kwara, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na sukarin da ake sha ɗanyensa ake shigowa da shi, akasari daga Brazil, a tace shi a matatun Legas da Fatakwal. A watan Yuli na 2021 Babban Bankin Nijeriya ya taƙaita izinin shigo da sukari ga kamfanoni uku kacal, wato Dangote da BUA da Golden Sugar. Ɓangaren fulawa ma ya tattaru a hannun 'yan ƙalilan: kamfanin Olam ya sayi Dangote Flour Mills a 2019, Flour Mills of Nigeria kuma ya sayi mafi yawan hannun jarin Honeywell a 2022. Abin da wannan ke nufi ga mai kanti a Kasuwar Singa ta Kano, ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ta Kaduna, ko Kasuwar Wuse ta Abuja, shi ne ƙofofin da zai ƙwanƙwasa kaɗan ne, kuma idan farashi ya tashi a ɗaya, da wuya a daɗe bai tashi a sauran ba.

A kan wannan tubali ne guguwar shekarun baya-bayan nan ta sauka. Yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a watan Fabrairu na 2022 ya kai farashin alkama a kasuwannin duniya matsayin da bai taɓa kaiwa ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, abin da ya ƙara tsadar sufuri. A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake canjawa a kan naira 460 da 'yan kai a hukumance ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Wanda ya tuna cewa a tsakiyar shekarun 1990 farashin hukuma naira 22 ne, zai gane nisan tafiyar. A watan Yuni na 2024 hauhawar farashin kayan abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100, a cewar Hukumar Ƙididdiga. Gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da alkama da masara da wake da shinkafa na tsawon kwana 150 a watan Yuli na 2024, a 2025 kuma naira ta ɗan natsu, farashin wasu kayan abinci ya sauko. Amma farashin da ya hau da gudu, da rarrafe yake saukowa, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai mayar wa iyalai ƙarfin sayayyar da suka rasa ba.

Akwai wani abu da mai kallo daga nesa ba ya lura da shi. Ana yawan ɗora laifin tsadar kek a kan fulawa, alhali fulawa ba ita ce ta fi cin kuɗi a cikinsa ba. Tsohon ma'aunin kek na Turawa, wanda har yanzu masu koyar da gashi ke farawa da shi, nauyi ɗaya ne na kaya huɗu: kilo ɗaya na fulawa, kilo ɗaya na bota, kilo ɗaya na sukari, kilo ɗaya na ƙwai. Ƙwai guda idan an fasa shi nauyinsa kimanin giram 50 ne, ke nan kilo ɗaya na fulawa na bukatar ƙwai 20, kashi biyu cikin uku na kiret. A bisa wannan ma'auni, buhun fulawa mai kilo 50 zai lashe ƙwai 1,000, wato kiret 33 da ɗoriya, da bota kilo 50. Ƙwai kuwa farashinsa na bin farashin masara da waken soya da ake haɗa abincin kaji da su, bota kuma na bin man ja da man girkin da ake shigowa da su. Shi ya sa idan aljihu ya yi zafi, ba fulawa uwar gida ke ragewa ba. Bota take rabawa biyu, ta rage ƙwai, ta ƙara bekin hoda da ɗan ruwa ko madara don kwaɓin ya tashi. Kek ɗin zai kumbura, ido zai gamsu, amma baki ba ya ruɗuwa, kuma kwana biyu ya bushe, domin mai da sukari ne ke riƙe laushinsa.

Wannan ne ma dalilin da ya sa cincin ya fi kek jure wa matsi. Yana cin ƙwai da bota kaɗan, mudu ɗaya na fulawa ya cika roba, kuma da yake suya ta ƙone ruwan jikinsa, yana iya yin makonni a rufaffen bokiti bai lalace ba. Kek kuwa, musamman yanzu da Ƙaramar Sallah ke faɗowa cikin zafin bazara, kamar yadda ta faɗo a watan Afrilu a 2023 da 2024, da ƙarshen Maris a 2025, kwanakinsa ƙididdigaggu ne idan babu firji da wutar da za ta riƙe shi. A gidaje da dama kek ya koma na manyan baƙi da surukai, cincin ya zama na kowa da kowa.

Ba kowace mai gashi ce ke da obin ba, kuma ba yau aka fara dabara ba. Tukunya babba, a zuba yashi mai tsabta a gindinta, a ɗora a wuta ya ɗauki zafi, a jera gwangwanayen madara ko na kifi da aka shafa wa bota aka zuba kwaɓi, a rufe, a zuba garwashi a kan murfi: wannan ita ce obin ɗin talaka, kuma tana aiki, domin yashin na rarraba zafi daidai ya hana gindin kek ƙonewa, garwashin sama kuma ya gasa fuskarsa. Abin da ake nema shi ne zafi madaidaici, kimanin digiri 180 a ma'aunin Salsiyas, wanda ƙwararriya ke ganewa da tafin hannu. Wasu kuma sukan haɗa kwaɓinsu a gida su kai gidan burodi a gasa musu a biya. Masu obin na lantarki sun ji jiki tun watan Afrilu na 2024, lokacin da aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga masu rukunin farko zuwa naira 225 kowane yunit, kafin a ɗan rage. Waɗanda ba sa cikin rukunin kuwa, ba tsadar ce ke damunsu ba, ɗaukewar wuta ana tsakiyar gashi ce, domin kek ɗin da zafi ya yanke masa a rabin hanya faɗawa yake yi, ba ya tashi kuma. Gas ya yi tsada, gawayi ya bi shi.

A cikin wannan hali ne kyautar ta fara rikiɗa ta zama sana'a, kuma hanyar kusan iri ɗaya ce a ko'ina. Mace ta yi suna a dangi da iya kek. An ci nata a wajen suna, an tambaya, sai wata ta ce don Allah a yi mata na bikin ƙanwarta. Da farko kunya ta hana ta faɗin farashi, ta karɓi abin da aka ba ta. Da kaya suka yi tsada, ta ga ba za ta iya ci gaba da rabon da ta saba ba sai ta samo kuɗin kayan daga wani wuri, sai ta fara karɓar aiki don ribar ta ɗauki nauyin farantin surukai. Jarin yakan fito daga adashi, ko kuɗin da aka tara na biki, ko taimakon maigida. Talla ba ta bukatar fita: hoto a WhatsApp ko Instagram ya wadatar, ɗan acaɓa ko mai keke napep ya kai kaya, kuɗi su shigo ta waya. Ƙarancin takardun kuɗi da sauya fasalin naira ya haddasa a farkon 2023, dab da azumin shekarar, ya tilasta wa mata da yawa buɗe asusu da koyon karɓar kuɗi ta waya, kuma wannan ɗabi'a ba ta koma baya ba. Ga matar aure da ke kulle, ko ɗalibar jami'ar da yajin aikin malamai na wata takwas a 2022 ya zaunar a gida, da wuya a sami sana'ar da ta fi wannan sauƙin shiga.

Sauƙin shiga kuwa shi ne cikas ɗinta na farko, domin a layi ɗaya sai a sami mata biyar masu yin abu guda, kowace na karya farashi. Cikas na biyu ya fi wannan illa, shi ne rashin lissafi. A ɗauka, don misali kawai, mace ta sayi kayan haɗi na naira 10,000, ta sayar da abin da ta yi a kan naira 12,000. A ganinta ta ci ribar 2,000. Ba ta lissafa gas ɗin gida da ta ƙona ba, da kuɗin motar kasuwa, da roba da leda, da katin waya, da wanda ya ƙone, da wanda yara suka ci, balle yininta. Sannan a shekarar da kayan abinci ke hauhawa da kashi 40 cikin 100, wato kusan kashi 3 a kowane wata, idan ta bar kuɗin a hannun masu bashi wata uku, kayan da ta saya a kan 10,000 sun doshi 11,000. Ribar da take gani a tafin hannu uwar kuɗinta ce take ci a hankali. Ɗan kasuwar da ya goge ya san cewa farashin sayarwa ana ɗora shi a kan abin da za a sake sayen kaya da shi gobe, ba abin da aka saye su jiya ba. Matan da suka daɗe a sana'ar da wannan darasi suka tsira, kuma galibi bayan sun karye sau ɗaya.

Bashin ma na daban ne, domin abokan cinikin farko dangi ne da aminai, mutanen da jiya ake kai musu kyauta. Yaya za a bi gwaggo bashin cincin, alhali bara ita aka fara aika wa da faranti? Nan ne zumunci da ciniki ke karo, kuma sau da yawa ciniki ne ke faɗuwa. Dabarar da mata da yawa suka koma gare ta ta cancanci 'yan kasuwa su dube ta: mai biki ta sayo kayan haɗinta da kanta, fulawa da sukari da mai da ƙwai, ta kawo, a biya mai yi kuɗin aiki a kan kowane mudu. Ta haka hatsarin tashin farashi ya koma kan mai kaya, zargin an rage bota ya kau, mai sana'a kuma ba ta bukatar jari sai hannunta da kaskonta. Ribar ba ta da yawa, amma ba a kwana da fargaba. Wasu kuma ba sa ɗora tukunya sai an ba da rabin kuɗi tukuna.

Ma'auni wani rami ne da kuɗi ke zurarewa. Kamfani na sayar da fulawa da kilo, mai kanti na buɗe buhu ya sayar da mudu ko tiya, uwar gida na auna da gwangwani. Mudun wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba, kuma fulawar da aka danna a gwangwani ta fi wadda aka tankaɗe nauyi nesa ba kusa ba. Don kyauta wannan ba komai ba ne. Don ciniki kuwa, ƙaramin sikeli na kicin ya fi sabon obin amfani, domin wadda ba ta san nauyin abin da ta zuba ba, ba za ta san kuɗin abin da ta fitar ba. Haka kuma saye da mudu ya fi saye da buhu tsada, shi ya sa maƙwabta kan yi karo-karo gabanin Sallah su sayi buhu ɗaya da jarkar mai su raba. Masu kantin da suka fahimci wannan sukan tanadi ƙananan ƙulli na rabin kilo da kilo ɗaya, na bota da sukarin ado da filebo, domin cinikin makon ƙarshe na azumi da na tsakiyar Disamba, tarin ƙananan sayayya ne na mata dubbai, ba na manyan gidajen burodi kaɗai ba.

Da zarar kaya sun fita daga faranti sun shiga leda mai suna, an ajiye su a kanti, to an shiga hurumin hukuma. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar abincin da aka ƙunshe don sayarwa, kuma manyan kantuna ba sa karɓar kayan da ba su da lambarta da ranar yi da ranar lalacewa. Kafin nan sai an yi rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, a kuma ware wurin aiki daban da kicin ɗin iyali, wanda jami'ai za su duba. A nan ne mata da yawa ke tsayawa, ba don kuɗin rajista kaɗai ba, sai don gidan haya mai ɗaki biyu ba shi da wurin warewa. Dokokin ba na banza ba ne. Tun 2002 aka wajabta ƙara sinadarin bitamin A a fulawa da sukari da man girki, alamarsa ita ce hoton ido a jikin buhu ko jarka, kuma man da ake aunawa a kwalba a bakin kasuwa, wanda ba a san asalinsa ba, ba shi da wannan tabbaci. A zamanin marigayiya Dora Akunyili hukumar ta haramta sinadarin bromet da wasu masu gashi ke zubawa don kwaɓi ya kumbura. Man suyar da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi kuwa, babu jami'in da zai shiga tsakar gida ya hana, sai tsoron Allah na mai yi, da harshen mai ci, domin cincin ɗin da aka soya da shi mako guda ya fara ɗaci.

Duk da haka, ba a daina rabon ba. Raguwa ya yi, ya kuma canja kama. Gidan da a da ke kwaɓa mudu goma ya koma uku ko huɗu. Jerin gidajen da ake aika wa ya gajarce, an fara da surukai da maƙwabcin da ke jikin katanga. A wajen biki, maimakon a cika wa kowa leda, sai a ƙulla kek ɗaya da cincin ɗan kaɗan. Gara kuwa ta zama abin muhawara a tsakanin iyaye da malamai, wasu na ganin nauyi ne da addini bai ɗora ba, wasu na ganin mutuncin 'yarsu a gidan miji ya rataya a kanta, kuma akwai iyayen da ke cin bashi don kada a ce garar 'yarsu ba ta cika ɗaki ba.

A Kaduna da Jos, farantin yana da wani nauyi na daban. Kafin rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, Musulmi da Kirista na zaune gida ɗaya, ɗaki na kallon ɗaki. Cincin ɗin Kirsimeti na shiga ɗakin Hajiya, na Sallah na shiga ɗakin Maman Yohanna, kuma kek da cincin sun dace da wannan musaya fiye da nama, domin babu tambayar wa ya yanka. Bayan rikice-rikicen jama'a suka rarrabu, a Kaduna akasarin Musulmi suka tattaru a arewacin kogi, Kiristoci a kudancinsa. Farantin da a da yaro ke tsallaka tsakar gida da shi, yanzu sai an biya kuɗin mota an haye gada. Inda musayar ta fi rayuwa a yau shi ne ofisoshi da asibitoci da makarantu da barikokin soja da na 'yan sanda, inda ranar farko ta komawa aiki bayan hutun Sallah ko Kirsimeti ake buɗe roba a kan tebur kowa ya sa hannu. Masu sana'ar sun lura da wannan, har wasu Musulmi mata a Tudun Wada na karɓar aikin Disamba daga ma'aikata Kiristoci, takwarorinsu na Barnawa kuma na karɓar na Sallah.

Kalandar ma na matso da kasuwannin biyu kusa da juna. Da yake shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kwana 10 ko 11, Ƙaramar Sallah na ja da baya kowace shekara daga bazara zuwa hunturu, kuma a farkon shekarun 2030 za ta faɗo a watan Janairu, sannan Disamba, dab da Kirsimeti da sabuwar shekara, kamar yadda aka gani a ƙarshen shekarar 2000. Ga mai gashi, sanyi alheri ne, kek zai ƙara kwana. Ga dillalan fulawa da sukari da masu gidajen kaji, bukatar da suka saba raba wa zango biyu za ta taru a makonni uku ko huɗu, a daidai lokacin da alkamar Kadawa da Haɗeja ba ta ko fitar da kai ba.